Ja ko Kore, Chebet?

Shekara tara na yi ina zaune a hannun daman Simiyu, a wani ɗan kamfanin dillancin hannun jari da ke Upper Hill, nan Nairobi. Mutumin Bungoma ne, dogo, wuyan rigarsa kullum a goge, ga son shayi kamar me. In mai shayin ofis ta shigo da fulas, kofinsa ne a gaba, da mandazi biyu a hannu, irin fanken nan namu na Kenya.

Aikinsa zane. Kowace yamma in kasuwa ta tashi, sai ya kwashi farashin ranar ya zuba wa Python, yaren kwamfutar nan da yake kira "mesata", don ma'anar sunan ke nan da Turanci, ita kuma ta fito masa da kyandirori a jere. Kowace rana da kyandirinta: kore in farashi ya hau, ja in ya sauka. Da safe a tura wa masu hulɗa da mu ta waya. Yawancinsu malaman makaranta ne da 'yan fansho, ba ruwansu da rubutun da ke ƙasa, launi kawai suke kallo.

To, Simiyu ba ya bambance ja da kore. Haka aka haife shi.

Ni ma sai a watana na uku na gane, ranar da ya yaba min koren gyalena, alhali ja ne wur. Da ya ga yadda na kalle shi, sai ya ja ni bakin matakala ya ba ni labari. Yana ɗan shekara goma sha tara ya nemi aikin tuƙin jirgin ƙasa, ya ci kowace jarrabawa, har babansa ya yanka kaza. Sai likita ya buɗe masa wani littafi mai ɗigo-ɗigo ya ce ya karanta lambar da ke ciki. Bai ga komai ba.

"Tun daga ranar ban sake gaya wa mai ba da aiki ba," in ji shi. "Ke ma ki riƙe min, don Allah."

Na riƙe. Kullum kafin ya tura zane sai ya juyo min da fuskar kwamfutarsa, ya kira ni da sunan tsokanar da ya sa min don ni 'yar Eldoret ce, garin gwanayen gudu.

"Chebet, 'yar tsere, daina gudu ki leƙo min. Ja ko kore?"

"Kai da ba abin da idonka ke gani sai cinyar kaza? Kore ne, tura."

Haka muka yi ta yi, ba wanda ya taɓa lura.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba, Madam Gathoni. Ba muguwa ba ce, gaskiya. Ta dai ce zanenmu ya tsufa, a koma wani sabon kayan zane wanda mutum zai iya ja da yatsa a waya, kuma a fara ranar Alhamis. Ni kuwa Alhamis ɗin ina Eldoret wajen baikon ƙanwata.

A tsohon kayan, launin hawa ake fara rubutawa, sannan na sauka. A sabon, na sauka ne a gaba. Simiyu ya rubuta kore, ya rubuta ja, yadda hannunsa ya saba. Mesa ba ta yi gardama ba, ta zana abin da aka ce mata. Ya kira ni sau biyu, wayata na cikin jaka, ina can ina rawa.

Ranar kuwa kasuwa ta yi hawan da ba ta yi irinsa ba a shekarar. Da safiyar Juma'a tsofaffin nan suka buɗe waya suka ga ja jawur. Kafin a ankara, kusan mutum arba'in sun ce a sayar da hannun jarinsu.

Ranar Litinin aka zauna.

"Simiyu, ɗan firamare ma zai ga wannan," in ji Madam. "Ba ka duba ba ne kafin ka tura?"

Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji takalminsa a kan ƙafata ta ƙarƙashin tebur, ya danna.

"Ban duba ba, Madam," ya ce.

Aka rubuta sakaci, aka sallame shi. A bakin matakalar nan na tare shi, ina kuka kamar yarinya. Na ce da ya bari na faɗa, ƙila da an duba lamarin.

"A duba me? A ce shekara tara makaho ke musu zane?" Ya gyara riƙon kwalin kayansa. "Gara a ce na yi sakaci sau ɗaya. Share hancinki, 'yar tsere, mutane na kallo."

Ni aka ba kujerarsa. Masu wannan aiki suna da wata al'ada: a cikin umarnin da suke rubuta wa kwamfuta, sukan bar wa kansu 'yan layuka waɗanda ita ba ta karantawa. Da na buɗe nasa, sai na tarar da kwanan wata a jere, ba iyaka, kowanne da kalma uku a gabansa: Chebet ta gani. Na yi ta gangarawa har ƙasa. Na ƙarshen cewa ya yi: Chebet na biki, Allah Ya sa daidai ne.

Ban goge ba. Suna nan.

Yanzu yana Bungoma, tumatir yake nomawa a gonar babansa. Nakan kira shi ranar Asabar. Makon jiya ya ce, "Yaya kyandirorina?"

Na ce, "Kore ne duk satin nan."

"To, ko ƙarya kika yi, wa zai gaya min?" Ya yi dariya, amma ba ta kai ko'ina ba.

Daga nesa na jiyo muryar matarsa, Nafula, tana ce masa: "Baban Nekesa, wannan tumatirin ɗanye ne ka tsinka, kore shar! Bari in zo."

Ya ce, "Ana kirana, Chebet." Ya kashe wayar.