Gwangwanin da Ya Dawo a Cike

Yayata Edla ba ta taɓa shanye kofi guda a zaune ba. Shekararta saba'in da ɗaya, ni sittin da shida, kuma tun muna yara a gonar babanmu da ke bayan garin Pomerode haka na san ta. Za ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye, ta je ta leƙa kaji, ta dawo, ta tuna da wanki. Marigayi mijinta Arno yakan ce shekara arba'in yana aure amma ƙeyar matarsa kawai ya sani, don kullum tana gaba tana sauri. Ta yi shekara ashirin da takwas a masaƙa, ta dawo gida da yamma ta tatsi shanu, ta raini 'ya'ya uku. Biyu mata ne, sai autanta Valmor, wanda take so fiye da kowa kuma ta fi yi wa faɗa.

Idan Disamba ta kama, zafi ya sauko, abin nata sai ya zama ciwo. Lokacin biskit ɗin Kirsimeti ke nan. Kowace mace a layinmu tana yi, amma na Edla daban ne, kuma ba don yayata ba ce na faɗa, don ni da ita ba mu cika shiri ba. Tana narka gishirin amoniya a madara mai ɗumi, wannan farin garin da idan ka kai hanci kusa sai hawaye ya zubo maka, ta zuba a fulawa da man shanu da ƙwai, ta murza, ta rufe kwaɓin ya kwana. Washegari ta shimfiɗa shi siriri, ta yanka taurari da dawakai da ƙararrawa, ta gasa a tanderun itace. Sai ta kaɗa farin ƙwai da sukari har ya tsaya, ta shafe kowane ɗaya da bakin wuƙa, ta barbaɗa sukari mai launi, ta mayar cikin tanderun da ya huce don ya bushe. Aikin duk jira ne, ita kuwa ba ta iya jira ba. Shi ya sa a makon nan take wanke labulen da ba su yi datti ba.

Kowane ɗa yana da gwangwaninsa, da sunansa a jiki. Ranar Kirsimeti ka ɗauka a cike. Lahadin da ake kunna kyandir na farko a coci, saura mako huɗu bikin ya zagayo, ka dawo da shi a wanke, babu komai ciki. Ba ka cewa uffan. Gwangwanin shi ne maganar: ga ni, Mama, har yanzu ina cin na hannunki. Haka muka yi wa uwarmu, haka ta yi wa tata.

Valmor ya tafi birnin Joinville aiki, ya auro Dalva, 'yar jihar Minas, mace mai fara'a da yawan dariya. Kirsimetinta na farko a gidanmu ta zo da faranti na biskit ɗin da ta yi da hannunta, da hodar sa kwaɓi tashi ta kanti maimakon gishirin amoniya. Edla ta ɗauki ɗaya a gaban kowa, ta kai kusa da kunne, ta karya, ta saurara.

"Wannan ai burodi ne ya yi kwalliya," in ji ta.

Wasu suka yi dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Da ta tsaya nan da sauƙi, amma Edla ba ta san birki ba. Ta ƙara da cewa ba laifin yarinyar ba ne, wasu abubuwan sai an haife ka cikinsu. Valmor ya ajiye cokali, ya kama hannun matarsa, suka fita. Gwangwaninsa dama yana cikin mota.

Disamba biyu suka wuce bai dawo ba. An haifa musu 'ya, a bakin yayyensa mata muka ji. Na ce mata, "Yaya, ki ɗaga waya ki kira yaron nan, bakinki ba zai karye ba."

"Ya san hanyar gida, ya san inda ya ajiye gwangwani."

"Ke ce fa kika yi laifi."

"Nelsi, ɗaga ƙafarki, ina shara."

Amma duk shekara sai ta kwaɓa rabonsa. Ta gasa, ta shafe, ta tsaya tana kallon tulin, sannan ta juye mini a kwando ta ce ya yi mata yawa. Na yi ƙiba a shekarun nan biyu, kuma ban ji daɗin ko guda ba. Duk motar da ta rage gudu a bakin titi sai ta fito da tsumma a hannu, wai ƙofa take gogewa.

A shekara ta uku, ranar Litinin bayan kyandir na farko, muna kicin ɗinta sai ga Ingo, maƙwabcinmu mai babbar mota da ke kai katako Joinville. Ya miƙo gwangwani ta taga ya ce saƙo ne daga Valmor. Na ga fuskar yayata ta saki yadda ban taɓa gani ba tun rasuwar Arno. Ta goge hannu a zani, ta karɓa. Sai hannun ya yi ƙasa saboda nauyi.

Ta buɗe. A cike yake taf, jeri bisa jeri, da farar takarda tsakani. Taurari, dawakai, ƙararrawa, an shafe su fari, an barbaɗa ja da kore.

"A cike," in ji ta, a hankali. "Ya dawo mini da shi a cike."

Sau ɗaya aka taɓa yin haka a danginmu. Gwaggo Frida ce ta mayar wa uwar mijinta gwangwani a cike, kuma ba su sake gaisawa ba har aka binne tsohuwar. Ma'anarsa a wurinmu ɗaya ce: riƙe kayanki, muna da namu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Maimakon in kwantar mata da hankali sai na zuba wa wutar mai. Na ce wannan rashin kunya ce, na ce ɗan da kika goya kika tafi da shi tatsar shanu shi zai yi miki haka. Edla ta mayar da murfin. Ta ɗora gwangwanin a tebur, ta mayar da shi kan kabad, ta sauko da shi, ta fara wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Na tsallaka titi zuwa gidana, na kira lambar gidan Valmor, na shirya masa zagi tun daga kan kakansa. Dalva ce ta ɗauka.

"Inna Nelsi, ya iso? Mama ta ɗanɗana?"

Muryarta har rawa take don zumuɗi. Sai na fasa zagin.

"Dalva, me ya sa kuka cika shi?"

"To ya za a yi in mayar wa uwar mijina kwano babu komai? A garinmu da mahaifiyata ta ji na yi haka da ta ci mutuncina. Shekara biyu ina ce wa Valmor ya kai, yana ƙi, ni kuma na ce ba zai tafi haka ba sai na iya. Sau huɗu na yi wannan, Inna. Gishirin nan naku ya kusa makantar da ni. Na farko ya yi wari, na biyu ya ƙone. Ki karya ɗaya ki ji, yana yin ƙara."

"Valmor bai gaya miki komai ba?"

"Ai bai sani ba. Shi ya wanke ya ajiye wa Ingo a bakin ƙofa, ni na cika bayan ya tafi aiki. Lafiya dai?"

Na ce lafiya, na ajiye wayar. Mace mai shekaruna da gwiwa irin tawa ba ta gudu, amma ranar na yi. Na tarar da Edla a bayan gida, gwangwanin a kife a hannunta. Kaji da agwagi sun taru a ƙafarta suna wawaso. Wata agwagwa ta ja doki guda ta yi gefe da shi. Ƙasa duk ta yi ja da kore.

Na gaya mata abin da Dalva ta ce, ban rage komai ba, har da sau huɗun. Ta sunkuya da sauri tana neman ko guda ya tsira. Babu. Abin da ta samo ɓallin tauraro ne, ya sha ƙasa da kashin kaji. Ta tsaya tana juya shi a tafin hannu.

"Siriri ne," in ji ta. "Ta iya shimfiɗawa."

Ranar ba ta yi kuka ba, ni na yi mata. Ita shara ta yi. Ta share filin sau biyu, ta wanke gwangwanin, ta shanya, ta ɗauko fulawa za ta kwaɓa, ta mayar. Na ce ta cika shi da nata, mu aika, mu ce na Dalva ya yi daɗi, magana ta wuce. Wa zai sani? Kaji ba sa magana.

"Ni zan sani," in ji ta.

Da safe ƙarfe bakwai ta buga mini ƙofa, sanye da rigar coci, gwangwanin a hammata. Na ɗaga shi, babu komai ciki. Muka hau motar ƙarfe goma zuwa Joinville. Sa'a biyu tana buɗe murfi tana rufewa, har mutumin da ke gabanmu ya juyo ya harare mu. Na ce ta bari, ta bari na minti ɗaya.

Gidan nasu a hawa na uku yake. Dalva ta buɗe ƙofa da yarinya a kafaɗa, Valmor a bayanta da kayan aiki, ya dawo cin abincin rana. Ya kafe uwarsa da ido. Edla ba ta kalli ɗanta ba, ba ta kalli jikar da ba ta taɓa gani ba, ko da yake na san abin da hakan ya ci mata. Sai ta miƙa wa surukarta gwangwanin. Dalva ta karɓa, ta ji shi sakayau, ta yi murmushi.

"Har kun cinye?"

"Kaji na zuba wa," in ji Edla. "Ban ɗanɗana ko ɗaya ba. Na ɗauka korata kuka yi. A wurinmu gwangwani a cike zagi ne, wanda babu komai ciki kuwa roƙo ne. Ban taɓa kai wa kowa nawa ba tun da uwata ta rasu. Ga shi na kawo miki."

Murmushin ya ɓace. Dalva ta miƙa wa mijinta yarinyar, ta shige kicin, muka ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba. Valmor ya ce, "Mama, sau huɗu fa." Edla ta ce ta sani. Muka tsaya a bakin ƙofa kamar masu talla, ba wanda ya ce mu shigo. Ban san tsawon lokacin ba, amma gwiwata ta fara ciwo.

Dalva ta fito, idonta ja, tana riƙe da ragowar gishirin a leda. Ba ta yi fara'a ba.

"Kwaɓin sai ya kwana, Mama. Kin fi ni sani. Ba zai samu yau ba."

Edla ta juyo ta kalle ni. Ta zaro mabuɗin gidanta daga jaka ta damƙa mini.

"Nelsi, ki koma da motar ƙarfe uku. Ki rufe kaji da wuri." Sannan ta dubi Dalva. "Zan jira. Nuna mini inda zan zauna in ba zan tare miki hanya ba."