Hanatu Mai Awara Ta Koma Aji

Hanatu 'yar Bungudu ce. Tana da 'ya'ya uku da kaskon suyar awara a ƙofar gida lokacin da tunanin karatun jinya ya shige ta. Duk unguwa an san ta da rashin zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye take ci.

Ciwon sukari ne ya kwantar da innarta a asibiti a Gusau, ita ta je jinya. Kafin a sallame su ta san sunan kowa a ɗakin, tana gyara wa wannan kwanciya, tana raka waccan bayi. Wata nas ta dube ta ta ce, "Ke kam da irinku ake aikin nan."

Maganar ta hana ta sukuni. Ta daɗe da gama sakandare, kuma ba ta ci darussan kimiyya ba. Da ta gaya wa mijinta Labbo, direban motar haya a tashar Gusau, sai ya yi dariya.

"Da ɗiyanki ukku za ki koma aji?"

"Da su zan koma, Malam."

Ta zauna jarrabawa cikin sa'o'in ƙannenta, ta faɗi. Shekara ta zagayo ta sake, ta ci. Ta yi jarrabawar shiga makarantar jinya, sai jira. Awara ta yi ta ƙonewa a kasko, kullum tana tura Labbo ya leƙa mata makarantar. Ranar da ya dawo ya ce an ɗauke ta, rasa abin yi ta yi, ta hau sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Karatun bai ba ta wuya kamar gaggawarta ba. Da aka kai su asibiti koyon aiki, ta auna jinin wani tsoho manomi daga Mada cikin sauri, ta wuce. Malama Zulai mai kula da ɗalibai ta kira ta.

"Dawo ki sake."

Ta sake, awon ya fito daban.

"Da an ba shi magani a kan na farko fa?"

Malama Zulai ta jawo kujera ta ce wa Hanatu ta zauna gefen tsohon har la'asar, kada ta motsa. Ta zauna, ƙafarta na ta rawa. Tsohon ya yi ta ba ta labarin dawarsa da ya bari ba a girbe ba. Cikin hira ya rage murya ya nuna mata ƙwayoyin da yake ɓoyewa ƙarƙashin matashi.

"Ɗiyata, ba su wuce min maƙoshi."

Ta kai maganar gaba, aka canza masa magani, ya samu sauƙi ya koma gida.

Hanatu ta ci jarrabawar ƙarshe, aka tura ta wani ƙaramin asibiti a Tsafe. Kullum tana kan hanya, zuciyarta ba ta kwanciya sai ta ga ta sauka lafiya. A daminar bana wata mata ta haihu a kan benci kafin a samo ungozoma, Hanatu ta karɓi jaririn. Tun daga ranar take damun Labbo da zancen karatun ungozoma. Har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba, ita kuwa ta riga ta aro littattafai.