Kibod Mai Ƙarni

Har yau in na ga mutum yana cin abinci a kan kibod sai zuciyata ta tashi. Ko ɗan da na haifa ne, sai na ce ya ɗauki kwanonsa ya ba ni wuri. 'Ya'yana suna cewa tsirfa ce irin ta tsofaffin ma'aikata. Su faɗi abin da suka ga dama, ai ba su ga abin da na gani ba.

Na yi shekaru ina buga takardu a wani ɗan ofis a Haɗeja, na masu hulɗa da manoman fadama, 'yan shinkafa da tattasai da alkama. Ɗakinmu ɗaya ne, tebur uku, da fanka mai kuka. Ni ce a bakin taga. Babban akawu yana can ƙurya, dattijo ne mai furfurar gemu, kowa Baba yake ce masa. Tebur na uku ya daɗe babu kowa a kansa. Oga kuwa yana nasa ofishin, ƙofa ce kawai ta raba mu.

Ni da Baba ba mu taɓa shiri a kan kibod ba. Nasa tsoho ne tun na kwamfutar farko da aka kawo ofishin, mai manyan maɓallai zaƙo-zaƙo kamar haƙoran doki, da rami tsakanin kowanne da ɗan'uwansa. In ya fara bugu, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai ka rantse gyaɗa ake fasawa. Nawa shafaffe ne, ba ya ƙara, ko jariri aka kwantar a gefensa ba zai farka ba.

"Hajiya, wannan naki ai faifai ne," in ji shi. "Mutum ya danna bai ji ya danna ba, ina aikin yake?"

"Baba, aiki ake so ko kiɗa?" na ce. "In kiɗa ne sai a kira maka masu kalangu."

Da ƙarar ce kaɗai da na haƙura. Baba mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, kuma ba shi da faranti sai kibod ɗin nan. Da safe gurasa da ƙuli. Kafin azahar bandar tarwaɗa, yana ɓarewa da hannun dama yana bugu da na hagu, in ya ƙosa ya haɗa duka biyun. Bayan nan goro, ya gutsura, ya tauna, ya yi sakace, ya kama gemu yana tsefewa da yatsu yana karanta abin da ya rubuta. Ban taɓa ganin ya wanke hannu ba sai in alwala ta kama shi. Na sha gaya masa cewa wata rana abin nan zai tsiro. Sai ya yi dariya ya ce kayan da ba irin na yanzu ba ne, ba sa jin komai.

Da rani kuwa ba a jin komai ɗin, don duk abin da ya faɗa ciki bushewa yake yi. Sai wata damina da kogi ya cika ya tumbatsa, gonakin shinkafa suka zama tafki, garin ya ɗau danshi har takarda ta ƙi shiga firinta. A wani hutun ƙarshen mako rufin ofis ya yi yoyo daidai kan teburin Baba. Ranar Litinin ya tarar da kibod ɗinsa a jiƙe sharkaf. Ya goge bayansa da tsumma, ya shanya a taga, ya mayar. Yana aiki, amma wasu maɓallan sun fara maƙalewa.

A makon ne aka kawo mana sabuwar ma'aikaciya a tebur na uku. Yarinya ce daga wani ƙauye ta wajen Baturiya, mahaifinta masunci, ita ce ta fara yin karatu mai zurfi a gidansu. Aikin gwaji aka ɗauke ta, sai an ga kamun ludayinta sannan a tabbatar da ita. Ga ladabi, ga tsabta, mayafinta kullum a goge. Ranar da ta fara zuwa, da kwalin bandar kifi ta zo, ta ce mahaifinta ne ya ce a kawo wa iyayen gidanta. Kafin la'asar kwalin ya zama wayam. Baba ne ya fi kowa kaso, har da ƙunshin da ya tafi da shi gida.

An ba ta sabuwar kwamfuta da sabon kibod, ko ledarsa ba a cire ba. Washegari Baba ya taso da nasa a hammata.

"'Yata," ya ce mata, "in kina son hannunki ya faɗa, a kan wannan ake koyo. Shi ya koya mini, ban taɓa ba wa kowa shi ba. Kawo wancan faifan, ni tsoho ne, zan yi maneji."

Yarinyar har da durƙusawa tana godiya. Ni kuwa na taɓe baki, don na san maƙalewar ce ta ishe shi. Mutumin da ya shekara yana zagin shafaffen kibod, ga shi ya zauna a kan sabo yana murmushi. Na ɗauka iyakar cutar ke nan.

Ba a jima ba ɗakin ya fara ƙarni. Wani irin ƙarni mai nauyi, na kifin da ya kwana a ruwa ya lalace, yana tashi in rana ta yi zafi, fanka ta yi ta raba mana shi. Kuma daga tebur na uku yake fitowa, wannan ba a musu. Tun da ƙarnin da yarinyar tare suka zo, mutane ba su wahalar da kansu da tunani ba.

Baba ne ya fara. Zai shigo ya tsaya a ƙofa, ya shaƙi iska, ya ce, "Ikon Allah, sana'ar gado ba ta ɓuya." Ko ya ciro 'yar kwalbar turarensa ya shafa a ƙarƙashin hanci, ya ce wai yau kogin ya biyo mu har ofis. Sauran ma'aikata, masu zagayen gonaki da ke shigowa kawo takardu, su ƙyalƙyale. Waɗannan fa su ne suka cinye kifin ubanta har da tsotse ƙaya. Wasu suka daina karɓar takarda daga hannunta, sai su ce ta ajiye a kan tebur. Wallahi ƙyamar da na ji a kansu ta fi wadda na ji a kan warin.

Na ce masa, "Baba, ka ji tsoron Allah. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa." Ya ce shi bai kama suna ba, in na ga ya yi daidai da wani to ni na faɗa.

Yarinyar tana ji. Sai ta fara zuwa da humra mai yawa har tana hawa kai. Ta riƙa fita tana wanke hannu, ta dawo, ta sake fita. Wata rana muna alwala a bayan ofis na ga tafin hannunta ya yi ja, fatar yatsun tana saɓulewa. Na tambaye ta, ta ce lemon tsami da toka take dirzawa, safe da yamma.

"Anti," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ina wari?"

Na jawo mayafinta na sansana, na sansana wuyanta. Babu komai sai humra da sabulu. Na ce mata ƙarya suke yi. Sai ta miƙo mini kan yatsunta, na kai hanci, ga shi nan kuwa, kaɗan amma yana nan. Ta ce ta bar cin kifi gaba ɗaya, ko gida ta je ba ta zuwa kusa da wurin banda, har mahaifiyarta tana tambaya ko ta fara ƙyamar su ne. Nan idonta ya kawo ruwa. Ni tunanina ya tafi kan ɓera, na ce ko ya mutu a cikin teburin. Muka zazzage durowa, muka ja teburin, muka leƙa bayan kabad, ba mu ga komai ba.

Sai Oga ya kira ni. Mutum ne mai gudun rigima, irin wanda zai gwammace a mutu da ciwo da a fasa ƙurji.

"Hajiya, ke mace ce, ki yi mata magana ta fahimta," ya ce. "Baƙi suna shigowa ɗakin nan. In abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata, sito za ta koma wurin buhunan taki. Maganar tabbatar da ita kuma, to, sai mu gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wari za a rubuta a takardar sallamar ko me?" Ya ce ba ya son doguwar magana. Na fito raina a ɓace. Yarinyar da ƙauye guda ke alfahari da ita, za a mayar da ita gida da tambarin ƙarni.

Ana cikin haka aka tura ta garin Kafin Hausa tare da masu zagayen gonaki, yini guda. A ranar ne kuma ɓera ya ga dama ya gutsure wayar kibod ɗina. Ga aiki a gabana, dole na koma teburinta na zauna a kan tsohon abin da na tsana. Ina bugu ina tsaki, harafi ɗaya sai na danna sau biyu. Can na lura da wani abu: yarinya tana Kafin Hausa, ƙarni yana Haɗeja. Na ɗaga hannu zan gyara ɗankwalina, yatsuna suka wuce ta gaban hancina, ga ƙarnin nan a kansu.

Ban yi shawara da kowa ba. Na cire wayar, na ɗauki kibod ɗin da tsumma, na je teburin Baba, na ture kofin shayinsa, na shimfiɗa farar takarda. Na buga wa Oga ƙofa na ce ya fito ya ga ma'aikaciyar da zai mayar sito. Sannan na kifa kibod ɗin na dinga bugun bayansa da tafin hannu.

Inna lillahi. Ƙayar kifi ce ta fara zubowa, sai ɓawon gyaɗa, garin ƙuli da ya jiƙe ya cure ya yi baƙi, riɗi, guntayen tsinken sakace, yankakken farce. Na sa biro na ɓalle maɓalli biyu. A ƙarƙashinsu wani abu ne mai yauƙi ya yi funfuna, ƙananan kyankyasai suna fitowa suna neman wurin ɓuya. Ƙarnin ya turnuƙe ɗakin. Ɗaya daga cikin masu dariyar nan da suka shigo kallo ya toshe baki ya yi waje.

Baba ya dubi tulin, ko gezau. Ya ce, "To, ai ya daɗe a hannunta. 'Yar masunta da ƙayar kifi, ina abin mamaki?"

Da ba dattijo ba ne, ban san abin da zan yi masa ba. Na sa bakin biro na tono jajayen gutsattsarin goro na tura gabansa. Na sake tonowa, na ɗago wasu fararen gashi masu lanƙwasa.

"Goro take ci?" na ce. "Ko ita ce mai furfurar gemu?"

Wani ya kasa riƙe dariya. Baba ya kai hannu gemunsa, ya yi sauri ya sauke. Na juya ga Oga ina jiran ya yi magana irin ta shugaba. Sai ya ce, "To, alhamdu lillahi, an gano. A share wurin nan. Hajiya, a bar maganar haka, dattijo ne, a rufa masa asiri." Ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Asirin dattijo ake rufewa, na yarinyar kuwa an riga an shanya shi a rana kowa ya taka.

Aka jefar da kibod ɗin a bola. Baba ya ci gaba da riƙe sabon da ya karɓe, ita aka ɗauko mata wani daga sito. Da ta dawo washegari na ja ta gefe na ba ta labari tiryan-tiryan, ina tsammanin za ta yi dariya ko ta yi fushi. Ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Ashe ba ni ba ce, Anti." Babu wanda ya ba ta haƙuri, daga Oga har masu cewa ta ajiye takarda a tebur. Kowa ya shiga sha'aninsa kamar ba a yi ba.

An tabbatar da ita a aikin, fatar hannunta ta warke. Ruwa ya janye, aka shiga kamun kifi a fadama, garin ya cika da banda. Wata safiya Baba yana zaune yana ɓare tarwaɗa a kan sabon kibod ɗin, mai yana naso tsakanin maɓallan, ya ɗago kai ya dube ta.

"'Yata, kwana biyu shiru? Ko mahaifin naki ya manta da mu ne? Kifinsa ya fi na kasuwa daɗi."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ta riga ni. "Zan gaya masa, Baba," ta ce. Ta tattara takardun da ta buga za ta kai wa Oga. Kafin ta miƙe, na ga ta juya baya kaɗan, ta kai kan yatsunta hanci ta sansana, sannan ta ɗauki takardun.