Sharihar da Ke Ɗauke da Sunan Babana

Ina tankaɗen garin kisra, wainarmu ta dawa, na ga 'yan guruf ɗinmu na waya suna ficewa ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Nan na ajiye rariyar. Lokacin shekarata biyu da gama sakandare a Gadarif, ba jami'a, ba aiki, daga shara sai waya. Guruf ɗin na 'yan ajinmu ne, duk zaman gida muke, a can muke wuni.

Kwana uku kafin nan na ɗauki bidiyon jerin masu jiran burodi a unguwarmu, inda wani mai kaki ya hankaɗe wata tsohuwa. Na tura wa ƙawayena, har da muryata ina tsine masa. Ashe ya zaga gari. Da azahar ɗin ranar da suka fice aka kira wayata, wani mutum ya faɗi cikakken sunan babana, ya ce gobe Baba ya zo ofishinsu na tsaro. Wallahi na manta shaf cewa da takardun Baba aka sayi sharihar, wato layin da ke cikin wayar.

Baba yana can gonakin Simsim wajen yankan riɗi, riɗi kuwa idan ya nuna ba ya jiran kowa, zubewa yake yi. In aka ɗauko shi, aikin shekara ya tafi. Ga shi mu Hausawan ƙasar nan ana mana kallon baƙi, da an riƙe mutum sai a koma tambayar inda aka haifi kakansa. Inna ta ce in jefa wayar a masai, na ce sunan Baba ai ba a cikinta yake ba, yana wajensu. Na ce ni zan je.

Kawuna tela ya rufe shago ya raka ni, yana mitar wai gidanmu an samu 'yar jarida marar albashi. Tun safe suka ajiye ni a benci, tambaya ɗaya suke maimaitawa, wa ya sa ni. Amsata ba ta canza ba: ni na ɗauka, muryata ce, babana ko karatun saƙo bai iya ba.

Har yau in waya ta yi ƙara sai na zabura. Ban yi nadamar jin zafin abin da aka yi wa tsohuwar ba, nadamata ita ce na yi magana da sunan wani bai sani ba. 'Yan uwana masu zaman gida, kafin ku tura komai, ku tuna sunan wa ke kan layinku.

A ranar, bayan la'asar suka sa na dangwala hannu a takarda, suka riƙe wayar. Mai yi min tambayoyin ya ce in tafi, an gama da ni. Ban tashi ba sai da na ga ya ja biro ya soke sunan Baba.