Ƙullin Turaren Iya

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi, shekarar da na shiga aji biyar, kakata Iya ta kira ni ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na unguwar Ridina. Kaskonta na kan gawayi, sukari na narkewa a jikin itacen sandal, hayaƙi na tashi a hankali kamar ba ya son barin gidan. Tun safe nake yi mata aiki, na ɗebo ruwa a famfon bakin titi, na daka farcen turare da kanumfari har kafaɗuna suka yi tsami, ƙawayena kuwa suna can waje suna 'yar gala-gala. Da turaren ya huce, ta dumbuzo cikin tafinta ta ba ni. "Na ranar aurenki ne, Balaraba," in ji ta. "Ko ban ga ranar ba, ango zai ji hannuna."

A lokacin na fara leƙa littattafan soyayya da 'yan kasuwa ke kawo wa Goggo Hauwa daga Kano, kuma a cikinsu amarya ba ta shiga ɗaki sai ƙamshinta ya riga ta. Iya a kwalba take adana nata, ni kuwa na ga kwalba kayan tsofaffi ce. Na samo sabuwar leda wadda ko ruwa ba ya ɗiga daga cikinta, na ƙulle tam, na naɗe a tsohon zanen Iya mai ruwan bula, na tura ƙasan akwati.

Da damina Iya ta rasu. Daga nan kullum na dawo daga makaranta sai na ɗaga murfin akwatin, ƙamshinta ya tarye ni, in lumshe ido in ga kaina cikin lafaya. Yayana Sale ne ya ɓata mini. "Ke dai shashasha ce," ya ce. "Wanda kike shaƙa daga ina yake fitowa? Kafin a samu mai kwasarki, garin katako ango zai tarar." Hankalina ya tashi. Na nutsa ƙullin a bokiti ina neman huda, ko kumfa ɗaya bai fito ba. Na yi ta ƙara leda kan leda har Goggo ta ce ya fi kan jariri girma, in juye a kwalba mana. Na ƙi. Ƙullin da na yi Iya na raye ba zan kwance shi ba sai ranar. Amma duk bazara, idan kwanon ɗaki ya ɗau zafi, ƙamshin sai ya ƙara cika akwatin, ni kuma in zauna in yi kuka.

Wannan ƙullin ne ya kai ni aikin da nake yi yau, lissafin yadda iska da tururi ke ratsa leda. Ashe ba sai da huda ba. Tururin yakan shige jikin ledar ta ciki, ya sulala tsakanin zararenta, ya fita ta waje, daga inda yake da yawa zuwa inda babu. Kauri na rage masa gudu, zafi na ƙara masa. Ledata ta jinkirta shi ne kawai, ba ta taɓa tsayar da shi ba.

Ranar aurena na kwance ƙullin. Gaskiyar Sale ce, katako ne kawai. Ina hawaye Goggo ta ɗauko zanen ta kakkaɓe, sai ga Iya ta cika ɗakin, da sandal ɗinta da kanumfarinta. "Ai ga inda ya tare," in ji Goggo. "Ɗaura, 'yar nan, motoci na jira." Da shi na shiga ɗakina.

Yanzu a unguwar Lamadji nake, an sare darbejiyar Ridina an yi shago, turare kuma a kanti nake saye cikin leda mai sheƙi wadda na san lissafinta sarai. Zanen yana ƙasan akwatina, ƙamshinsa na raguwa shekara bayan shekara. Ban sa shi a leda ba.