Kwanar Tonkan Gwaggo

Shekarun baya, tun kafin wannan tumbin ya riƙa riga ni shiga ɗaki, ina gyaran babur a Kaura Namoda, ina kuma taɓa kabu-kabu idan aiki ya yi sanyi. Abin da ya tuno min da zamanin, kwanan nan wani matashi ya tsare ni da tambaya, wai wane injiniya ne ya zana kwanar nan ta filin tserenmu, wadda ta lanƙwashe kamar lauje. Na yi dariya har da riƙe ciki. Injiniyar dai gwaggona ce, yayar mahaifina, kuma da sandar korar awaki ta yi zanen.

Da farko a kan kwalta muke tsere, hanyar Shinkafi, ranar Juma'a bayan la'asar. Direbobi suka gaji da mu suka kai ƙara, dattawa suka ce duk wanda aka sake gani a bakin baburinsa. Gaskiyarsu ce, mu ma mun sani, ƙuruciya ce kawai ke ɗibar mu. Sai abokina, wanda muka koyi aiki tare, ya tuna da wani fako a bayan ƙauyenmu ta hanyar Zurmi. Ƙasa ce mai tauri, ko ciyawa ba ta fitowa, ga faɗi.

Muka je wurin mai unguwa muka durƙusa. Ya saurare mu tsaf, sannan ya dube ni ya ce, "Hwakon ga ba nau na ba. Na mata na, nan su ka shanya tun kakanninmu. Tai ka ga gwaggonka. In ta yarda, na yarda. Amma ran da duk tak kawo min ƙara, ko sau guda, tsere ya ƙare."

Gwaggo 'yar ƙaramar tsohuwa ce, amma bakinta ya fi reza. A ɗakinta aka yaye ni, saboda haka babu wani abin kunyata da ba ta riƙe da shi. Sana'arta barkono, wanda mu a nan muke kira tonka. Ta saya ɗanye, ta shanya a fakon, ranar Alhamis ta kai kasuwar Shinkafi. Kuma shanyarta a daidai inda ƙasar ta fi kyau take.

Muka same ta a can tana juya shanya. Na yi bayani, na ƙara da zaƙin baki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ko tahiya ba ka koya ba sai da kag gama hwasa min tukwane, kai ka tsere? To ku biyo ni." Ta ja sandarta a ƙasa ta fara zagaye shanyar, mu kuma muna biye muna zuba toka a kan layin. Ba ta miƙe ba. Ta kauce wa shanyar kuɓewar maƙwabciyarta, ta kauce wa wata 'yar ƙaya, ta dawo ta matse kusa da tonkan don ta ga wata akuya na nufo shi. Da ta tsaya ta ce, "Ga iyakarku. Taya guda tat taɓa min tonka, ku kwashe tarkacenku." Muka roƙo tsofaffin tayoyi wurin masu faci muka jera a kan tokar. Haka aka haifi kwanar.

Ranar da muka fara gwaji muka gane abin da muka sayo wa kanmu. Iskar babur tana taso da ƙurar tonka, duk wanda ya shaƙa sai atishawa, ido ya rufe, hanci ya ɓalle. Na baya ya fi shan wuya. Muka yi ta faɗuwa muna dariya, har muka gano maganin abin: kafin ka shiga kwanar ka cika ƙirji da iska, ka rufe baki gam, ka ƙanƙance ido, sai ka fita ka numfasa. Muka yi alkawari ba mai faɗa wa baƙo.

Bayan an gama girbi muka gayyaci 'yan Shinkafi da 'yan Zurmi. Ban taɓa zaton za a taru haka ba. Masu rake, masu ƙosai, masu shayi, har Fulani suka tsaya da shanunsu daga nesa suna kallo. Mai unguwa ya zo aka shimfiɗa masa tabarma. Gwaggo kuwa ta kifa turmi a bakin shanyarta ta zauna, ta ba mu baya, wai ita gadin tonka ta zo, ba kallon mahaukata ba. Cikin baƙin akwai wani dogo ɗan Badarawa ta ƙasar Shinkafi, ba ya magana, ya cire duk wani abu mai nauyi a jikin baburinsa. Shi kaɗai nake tsoro.

Abokina ya buga sifana a jikin tsohon garen mota, muka ɓalle. Zagayen farko, da baƙi suka faɗa kwanar, sai ka ji atishawa ta ko'ina kamar an saki zabi. Wani ɗan Zurmi ya tsaya cak yana salati yana neman ruwa. 'Yan kallo har da masu kwanciya ƙasa don dariya. Ni ko ina gaba, iska na kaɗa min riga, ina jin duk Zamfara babu kamata. Dogon nan ne kawai ya manne min, yana hawaye amma bai daina maƙure wa baburinsa wuta ba.

A zagayen ƙarshe ne tsautsayi ya same ni, kuma ni na kira shi da bakina. Muna shiga kwanar na waiwaya na ga dogon a bayana, sai daɗi ya kwashe ni, na buɗe baki na ƙwala masa, "Sai ka biyo!" Ban rufe ba tonka ya cika min maƙogwaro. Atishawa ɗaya na yi, kan babur ya murɗe, na haure tayoyin, na tafi da ciki har tsakiyar shanyar Gwaggo. Tonka ya watse ko'ina, filin ya yi ja.

Jikina na ci da wuta amma ba ta shi nake ba. Na hango mai unguwa ya miƙe tsaye, na ce shi ke nan, na kashe mana fili tun ranar suna. Ga Gwaggo tafe da sanda. Na fara, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri..."

Ta maka wa kujerar babur sanda. "Haƙurin mi? Tashi! Ɗan Shinkahi za ka bari shi ci mu har gida? Ni da ni ka wuni kasuwassu ran Alhamis, ina za ni sa kaina? Tashi, rago!" Ashe duk bayan da ta ba mu, da wutsiyar ido take ƙirga zagaye. Ita ta kama min babur muka tayar, har da tura ni.

Kada ku zaci na ci. Ko ɗan Zurmin da ya tsaya wanke fuska sai da ya riga ni isa. Dogon Badarawa ya lashe, hawaye shaɓe-shaɓe, mutane na cewa ji yadda murna ta sa shi kuka.

Da hayaniya ta lafa, mai unguwa ya tako har bakin shanyar ya ce, "Inna, akwai ƙara?" Muka yi cirko-cirko, ni kaina a ƙasa.

Ta ce, "Akwai. Yaron ga bai iya ruhe baki ba tun yana goye, shi ni ka ƙara. Hwako kau, su ci gaba. Amma ba mai barin nan sai an tsince min tonkana, har wanda yac ci."

Ihun da aka yi ranar, na tabbata an ji shi har Zurmi. Muka durƙusa, mu da baƙi, muna tsince tonka muna atishawa muna dariya, har magariba ta kawo jiki. Wanda ya manta ya yi alwala bai wanke hannu da sabulu ba, shi ya san abin da ya gani. A wurin tsintar nan muka ƙulla abota da dogon, har yau muna zumunci.

Daga ranar Gwaggo ta zama uwar fili. Kuma an lura, duk sanda baƙi suka doso kwanar, lokacin ne take tashi juya shanya da ƙarfinta. In an yi magana ta ce, "Rana ta yi, in bar shi shi ƙone?"

Abin da na koya bai da yawa: akwai inda rufe baki ya fi gudu amfani, kuma mai yi maka faɗa kullum sau da yawa shi ne ya fi kowa son ya ga ka yi gaba. Gwaggo ta rasu, Allah Ya jiƙanta da rahama. Mata sun mayar da shanya kusa da gidaje tun da zaman daji ya canza, tseren ma sai an samu sararin lafiya ake yi. Samarin yanzu sun so su miƙar da kwanar, na ce sai dai in bayan raina. Har yau in na bi ta wurin, ko a hankali nake tafiya, sai na cika ƙirji na rufe baki gam. Shekara da shekaru babu ƙwayar tonka ko ɗaya a fakon nan, amma ban taɓa fita kwanar idona a bushe ba.