Mako Bakwai Kwamfutar Baffa Tana Kashe

Ni mutum ne da ba na iya jira. Ko ruwan shayi na ɗora, sai na buɗe murfin tukunya sau uku kafin ya tafasa. Wannan hali shi ya ja mini abin da har yau in na tuna sai in kasa zama wuri ɗaya.

Baffana, yayan mahaifina, malami ne a Rurum Tsohon Gari. A shekarar da abin ya faru idonsa na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sahu. Likitan ido a Kano bai ɓoye mana komai ba, ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Baffa ya ji, ya ce Alhamdu lillahi, buri ɗaya ya rage masa. Akwai wani littafin fiƙihu da mahaifinsa, wato kakanmu, ya kwafa da hannunsa, ya cika gefen kowane shafi da bayanai na kansa. Baffa ya haddace littafin tun yana saurayi, amma rubutun gefen bai taɓa zama ya bi shi ba, kullum sai ya ce sai ya sami sarari. Ga sararin ya zo, ido ya ƙi. Tawadar ta koɗe, haruffan kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar gero.

Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a birni ya ɗauki hoton shafukan kaf, ya zuba su a wata tsohuwar kwamfutar tebur, ya kawo har da sola. In aka buɗe shafi aka ƙara masa girma, harafi ɗaya ya kai babban yatsa, ga haske ta bayansa, sai Baffa ya gani. Ni ne mai kunnawa. Malamin firamare ne ni a Rano, na taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata uku, a danginmu kuwa wannan ya isa a kira ka injiniya. Kullum in an tashi daga makaranta sai in hau acaɓa in tafi, mu zauna a zaure daga azahar zuwa la'asar.

Kwamfutar nan ita ce jarabar. Ka danna shafi, sai ta tsaya tunani. Ka matsar da hoton kaɗan don a ga layi na gaba, ta sake sandarewa. Baffa ko a jikinsa, sai ya ɗauki carbi ya ci gaba da ja har layin ya fito. Ni kuwa ina gefe ina karkaɗa ƙafa, ina tsaki, ina leƙa agogon waya. Shafi ɗaya sai ya ci mana kwana biyu.

"Kai dai da kai ke rabon damina, da ranar shuka za a yi girbi," in ji Baffa, yana dariya.

Ban yi dariya ba. Na ƙirga, saura shafi goma sha ɗaya, wato kusan mako uku ke nan. Ina kuma lura da yadda kullum yake ƙara matso da fuskarsa kusa da allon kwamfutar. Tsoro ya kama ni, wallahi tsoro ne na gaske, na ce idon nan ba zai jira mu mako uku ba. In na canja wa kwamfutar furosesa, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin kwalin ashana da ke mata tunani, sai mu gama a mako guda. Na buɗe ta na kwafi lambar da ke jikin gurbinsa a kan madabod, babban allon da komai ke manne a jikinsa. Ranar Asabar na shiga Kano. Mai shagon ya duba lambata, ya duba ta wani sabon furosesa, ya ce, "Malam, gurbinsu ɗaya, zai zauna daram." Ban ƙara tambayar komai ba, don sauri nake in dawo.

Washegari wani ɗan acaɓa ya kai ni Rurum, magidanci ne mutumin Unguwar Gai da na saba hawa babur ɗinsa. Muna isa ruwa ya sauko, Baffa ya ce ya shigo zaure ya fake. A gabansu na kwance fankar da ke sanyaya furosesan, na ɗaga tsohon furosesan, na ajiye sabon. Ya zauna daram kuwa, kamar yadda aka ce. Na shafa masa man da ake shafawa, na mayar da fanka, ina ta hura hanci.

To gidan Baffa yana da wata ƙa'ida tun daga kakanmu: sabon abu ba ya kwana gida ɗaya da tsohonsa. In ka ɗinka riga, kafin magariba ka ba da tsohuwar kwance. Haka takalmi, haka buta, haka tabarma. A cikinta muka tashi, har ba ma tunanin ta. Baffa ya karɓi tsohon furosesan yana shafa shi da yatsa, ɗan acaɓan kuma ya leƙo yana cewa, "Kai, wannan kamar zinariya aka yayyafa masa!" Sai Baffa ya miƙo mini ya ce, "Ka san ƙa'idar gidan nan." Ni kuma na miƙa wa mutumin. Ruwa ya ɗauke, ya yi godiya ya tada babur ya tafi. Ban ko kunna kwamfutar na gwada ba tukuna. Injiniya ke nan!

Na jona wayoyi na danna. Fanka ta juya, ɗan koren haske ya kama, allon kallo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Na ciro ram, ɗan siririn allon nan da ke riƙe mata aikin da take kai, na goge bakinsa na mayar. Na canja masa rami. Na ciro ɗan batirin nan mai kama da na agogo na jira, in jiran da nake yi ya isa a kira shi jira, na mayar. Na sake ɗaga furosesan na haska gurbin da fitilar waya ko wata allura ta lanƙwashe, duk lafiya lau suke. Har aka kira la'asar fanka na juyawa, ba abin da ya fito.

"Ta gaji ne?" in ji Baffa.

Na ce, "Gobe in Allah Ya so za ta tashi, Baffa."

Kwana uku ina wannan goben. A aji ma hankalina ba ya jikina, in rubuta lissafi a allo in manta inda na tsaya. A rana ta huɗu na ajiye girman kai na kira malamin da ya koya mana kwas. Ya sa na karanta masa lambar madabod da ta sabon furosesan. Sai ya ce, "Ai zama a gurbi daban, sanin juna daban. Bod ɗinka ya girmi wannan furosesan, bai san da shi ba. Akwai ɗan karatun da ke cikin bod ɗin, bayos ake ce masa, shi za ka sabunta sannan ya gane baƙon. Abu ne mai sauƙi. Ka mayar da tsohon furosesan ka kunna, ka sabunta, sai ka sa sabon."

Na ce, "In babu tsohon fa?"

Ya ce, "Kamar yaya babu? Cinye shi ka yi?"

Na katse wayar. Na nemi acaɓa sai Kibiya, daga nan sai Unguwar Gai. Hanya duk taɓo, mu sauka mu tura, mu hau, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta har ya juyo ya ce in ina da fiffike in tashi. A gida aka ce mutumin yana gona. Na ratsa dawa har ƙugu na same shi yana noma. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya washe baki, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin babur ɗinsa. Ga furosesan nan yana reto a jiki. Ya kai wa maƙeri an huda masa tsakiya an zura zobe.

"Kowa ya gani sai ya tambaya, Malam," ya ce da ni. "Kyautar malami ce, ba na rabuwa da ita."

Innalillahi! Na so in yi masa ihu, amma me ya yi? Ni na ba shi da hannuna. Na ce Allah Ya sa albarka, na juyo ina jin kamar in mari kaina.

Daga nan na shiga zarya. Irin tsohon furosesan nan ya yi wuya a kasuwa, kowa ya ce an daina yayinsa. Sai ranar Asabar nake samun shiga Kano. Zuwan farko ban samu ba. Na biyu aka ba ni wani, na dawo da murna, ashe gurbinsa daban ne, ko zama bai yi ba. Na uku aka ce in dawo, za a ciro mini daga wata matacciyar kwamfuta, mai ita ya yi tafiya. Na nemi aron kwamfuta a wurin masu buga takardu a Rano, amma wa zai ba ka abin da yake cin abinci da shi? Na ciro faifan da hotunan ke ciki na kai aka buga mini shafi biyu da girma a takarda. Baffa ya juya su ya juya, ya ce duhu kawai yake gani, hasken nan na baya shi ke taimakonsa. A waya kuwa rabin kalma ce ke cika fuskar, kafin a matsa ya manta farkonta.

Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ya zage ni ma da na sami sauƙi. In na je sai ya ce, "Injiniya, yaya mara lafiyarmu?" ya sa a kawo mini fura. Ina sha ina kallon yadda yake laluben carbinsa a kan buzu, carbin da ke gabansa.

A mako na bakwai na samo irin tsohon. Na sa shi, na danna, allo ya kawo haske. Saura kaɗan in yi kuka. Malamin kwas ya gargaɗe ni cewa in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, bod ɗin ya mutu ke nan. Ga hadari ya haɗu a gabas, batirin solar kuma ba shi da ƙarfi. Ranar na koma gida ban taɓa komai ba, karo na farko a rayuwata da na bar abu ya kwana da gangan. Washegari rana ta buɗe. Na sa ɗan filashin da na zubo sabon bayos a ciki, na zauna na harɗe hannuwa ina kallon wani layi yana rarrafe har ya cika. Sannan na cire tsohon, na sa sabon. Ta tashi. Wannan karon tsohon a aljihuna na sa shi, ban ce wa kowa komai ba.

Na buɗe shafin da muka tsaya. Kafin in ɗage yatsa ya fito. Na ƙara girma, na matsar, ko gezau.

"Baffa, ga shi! Dubi gudu!"

Ya matso, ya kai fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Na ƙara girma har harafi ɗaya ya cika allon. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin ya ja da baya.

"Akwai haske," ya ce. "Wane shafi ne wannan?"

Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Da na bar ta yadda take, da tuni ka gama."

"Da na gama," in ji shi. Bai ƙara ba, bai rage ba. Ya lalubo carbinsa ya riƙe. "To, kai kana da ido. Karanta mini abin da babana ya ce."

Na dubi rubutun kakanmu. Ban iya irin hannun nan sosai ba, karatun allona bai yi nisa ba kafin a kai ni boko. Na fara haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, ina tuntuɓe, ina komawa baya. Kalma ta uku na yi mata gaggawa na karanta ta ba daidai ba. Baffa ya ɗaga hannu.

"A hankali, ɗana," ya ce. "Yanzu ai babu abin da muke tsere da shi."

Shafi goma sha ɗayan nan wata huɗu suka ɗauke mu.